Shekarar da Inna Ta Raba Tukunya

Na san sunan da kuke kirana da shi in na ba da baya: Abba Rabin Kuɗi. Jikata Hanan ce ta tona muku asiri ranar da na kai ta kanti, ta ga ina juya robar madara ina neman wadda aka rage wa farashi, ta dube ni ta ce ashe da gaske ne. Ban ji haushi ba, sunan ya dace da ni. Abin da ban yarda da shi ba shi ne fassarar da kuke yi masa, wai Japanawa ne suka koya mini maƙo, na tafi ƙasarsu hannu a sake na dawo da shi a dunƙule. Kawunku Bashir, yayan mahaifiyarku, shi ya fara wannan magana, ku kuma kuka gaje ta ba ku bincika ba. To ga yadda abin ya faru daga bakin mai shi, tun ina da sauran ƙarfin riƙe alƙalami.

A unguwar Sharafiyya ta Jidda aka haife ni, a wani gidan haya mai ɗaki biyu da bene ya yi wa inuwa ta kowane gefe. Kakana ne ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa don sauke farali, ya sauke, bai koma ba. Mahaifina ya rasu ina shekara tara, ya bar Inna da mu huɗu. Ku kun san ta tana tsohuwa mai carbi da faɗa, ni na san ta da kwando a ka. Tana soya gyaɗa ta sayar a bakin titi, amma abin da ya riƙe cikinmu ba gyaɗar ba ce, halaƙa ce, wato babbar kasuwar kayan miya. Inna ba ta zuwa da sassafe lokacin da masu kuɗi ke ɗibar na kirki. Sai rana ta ɗaga, ciniki ya mutu, dillalai sun ƙosa su tashi, sannan take shiga. Akwatin tumatir da ya ɗan fashe, albasar da ta fara tsiro, mulukiyya, wato lalo, da ta yi yaushi, waɗannan su ne kayanta, tana samun su a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ta dawo gida ta baje a tabarma, ta yanke ruɓaɓɓen, ta markaɗa na markaɗawa, ta shanya na shanyawa a kan rufi. Ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Amma a makaranta akwai yaran da ke ganin ta tana wucewa, su ce ga uwar Usman mai tsintar tumatir. Na yi dambe a kan wannan kalma fiye da sau goma, kuma duk da nakan ci damben, kalmar ta zauna mini a ciki.

Allah ya ba ni hannun gyara. Na shiga wata masana'antar haɗa injinan ban ruwa a Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antu ta Jidda, ina ɗan leburan da ke miƙa sifana, kafin shekara shida na zama ni ake kira in inji ya ƙi. Injinan daga Japan suke zuwa, tare da injiniyoyinsu, kuma babbansu shi ne Muhandis Hirano, wato Injiniya Hirano, wani gajeren dattijo mai furfura wanda bai cika magana ba. Ya daɗe a Jidda har ya iya Larabcin da zai yi faɗa da shi. Shi ya ɗaga ni. Albashina ya ƙaru, na auri mahaifiyarku, na ɗauke Inna daga ɗaki biyu zuwa gida mai falo da na'urar sanyaya ɗaki. Na sayi farar jallabiya har shida. In faɗa muku gaskiya, a lokacin nan ƙasa ma alfarma nake yi mata in na taka ta. Na ce wa Inna ta huta da halaƙa, ni zan riƙa cika firiji daga babban kanti. Ta ce to. Ranar Alhamis ta ɗauki kwandonta ta hau bas kamar kullum.

Ranar da abin ya faru ma Alhamis ce. Muhandis Hirano zai koma gida gaba ɗaya, na gayyato shi da wasu mutum biyu cin abincin rana. Na sayi rago guda, na aro faranti masu ruwan zinariya a gidan Bashir. Muna zaune a falo an kawo gahawa, sai ga Inna ta turo ƙofa, gumi na zuba, akwatin tumatir a ka, ruwansa na ɗiga a kan mayafinta. Ba ta san baƙi sun iso ba. Tun daga bakin ƙofa take shelar nasararta da Larabcin kasuwa, wai yau ta kayar da wani dillali Bayamane, akwati guda a rabin kuɗinsa. Muhandis Hirano ya miƙe ya sunkuya mata. Ni kuwa sai na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na tashi na karɓi akwatin na dangwarar a ƙasa, na yi magana rabi Hausa rabi Larabci, da muryar da ban taɓa yi mata magana da ita ba.

"Halas, Inna, ya isa. Aib ne wannan. Gidan nan ba gidan mabarata ba ne da za a riƙa kwaso mana abin da aka zubar."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaishe da baƙi ɗaya bayan ɗaya, ta sunkuya ta tsince tumatir uku da suka gangara ƙarƙashin kujera, sannan ta dube ni.

"Da abin da aka zubar ɗin ka yi ƙashi, ya waladi. Amma ka yi gaskiya, gidanka ne."

Washegari ta aiki maƙwabciya ta sayo mata ƙaramin risho, ta kafa shi a barandar ɗakinta, ta raba tukunya. Ku da kuka tashi a zamanin da kowa ke kiran abinci ta waya ya ci a ɗakinsa ba za ku gane nauyin wannan ba. Uwa ta zauna a gidan ɗanta ta ƙi cin abin da ya kawo, wannan ya fi mari, ya fi zagi. Mahaifiyarku takan kai mata tire da rana da dare, ta karɓa ta ce an gode, bayan sa'a guda a tarar da shi a bakin ƙofa a rufe yadda aka kai shi. Ina gaishe ta tana amsawa. Tana wasa da yayarku Maryam, wadda ke rarrafe a lokacin. Ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Abinci ne kawai ba ta ci. Na sayo naman rago, na sayo inabi da tuffa masu sheƙi, duk suka dawo. Na turo limamin unguwa, ta ba shi gahawa ta ce ita ba ta san da wata rigima ba, cikinta ne ya saba da girkinta. Ni kuma girman kai, rawanin tsiya, ya hana ni durƙusawa, don a raina ina ganin ni ke da gaskiya, ai hutu nake nema mata. Muna cikin haka wata biyu kamfani ya ce za a tura ni Japan koyon sabon inji na wata huɗu. Kafilina, ɗan ƙasar da ya tsaya mini a takardun zama, ya sa hannu, takardu suka fito. Ranar tafiya na shiga sallama, na jira ta ce Allah ya yi albarka kamar yadda ta saba ko kanti za ni. Ta ce Allah ya kiyaye hanya. Da wannan na hau jirgi, kuma ya tsaya mini a rai har muka sauka.

Wani garin masana'antu aka kai ni, aka ba ni ɗaki ɗan mitsitsi da tukunyar dafa shinkafa mai lantarki, aka damƙa mini kuɗin abinci na wata guda a ambulan. Da na ga yawan sifirin da ke jikin takardun sai na ɗauka na zama attajiri. A satin farko na tattara abokan aikina Japanawa biyar na kai su wani gidan abinci mai fitilun takarda, inda ake cire takalmi a zauna a ƙasa, na ce kowa ya ci abin da yake so, kifi dai ban da alade. Da aka kawo takardar biya sai na ga kowa ya ciro jakarsa, ɗaya har ya fara raba kuɗin gida shida. Na ce a'uzubillahi, a garinmu wanda ya gayyata shi ke biya. Suka roƙe ni, na rantse. Na biya, na kuma bar canji mai kauri a kan tebur don yarinyar da ta yi mana hidima. Mun kai kwanar titi sai ga ta da gudu tana haki, ta miƙo mini canjina da hannu biyu tana ba da haƙuri, wai na yi mantuwa. A can ba a ba da irin wannan kyauta, aikinta ne ta yi, an biya ta. Abin bai tsaya nan ba. Ashe na ɗora wa mutanen nan nauyi ne, don Bajapane ba ya iya barci da alherin wani a kansa. Washegari kowannensu ya zo mini da ɗan ƙunshi a naɗe da takarda mai kyau. Ni kuma ɗan Hausa, a ba ni kyauta in yi shiru? Na shiga wani katafaren kanti na ga kankana irin mai zanen raga, kowace a cikin akwatinta da ƙyalle kamar jaririya. Na yi tayi, mai kantin ya yi ta murmushi yana sunkuyawa, bai rage ko sisi ba. Na sayi biyu aka yanka a wurin aiki. Daga baya na ji cewa irin wadda ake kai wa surukai ce ko maras lafiya a asibiti, ba ta ci da rana tsaka ba ce.

Kwana goma sha biyu ambulan ya zama fanko. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Na koma shinkafa fara da yajin ƙuli da mahaifiyarku ta cusa mini a akwati, safe da rana da dare. In an tashi cin abincin rana sai in ce azumi nake, Allah ya yafe mini, wasu ranakun ma na mayar da shi azumin gaske tunda dai ba abin ci. Roƙo kuwa ko a mafarki. Ina zaune a ɗakin nan ina tura farar shinkafa, ba abin da ke zuwa mini sai miyar Inna, wadda take yi da fasasshen tumatir da albasa mai tsiro. Na yi kewarta har na ji haushin kaina. Ran nan ina tsaye gaban inji sai na ga ƙasa tana juyawa, na dafa ƙarfe na zauna. Wanda ya riƙe kafaɗata Muhandis Hirano ne, don shi ne shugaban sashen koyarwa a can. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce ranar Asabar in jira shi a tashar jirgin ƙasa da sha ɗaya da rabi, in sa takalmin tafiya.

Ku sani mutumin nan ba ƙaramin mutum ba ne. In ya shigo masana'anta, mutum ɗari uku ke sunkuyawa. Ina zaton mota zai zo da ita, sai ga shi a kan wani tsohon keke mai kwando a gaba. Ya fara da ni daga cikin tashar, wani ɗan shago da ba kujera ko ɗaya. A bakin ƙofa akwai inji, ka zuba tsaba ka danna hoton abin da kake so, ya ba ka tikiti, ka miƙa wa mai dafawa. Ya yi magana da matar, ya tabbatar romon na kifi ne ba alade a ciki, aka miƙo mana taliya mai kauri da soyayyen kayan lambu a kai. Muka ci a tsaye, kafaɗa da kafaɗa da masu kwat da masu kayan aiki, kowa na zuƙa da ƙara ba mai kallon wani. Ruwa da shayi kyauta ne, ka ɗiba da kanka. Abin da muka biya mu biyu bai kai kuɗin ƙyallen kankanata ba, kuma kowa ya biya nasa. Daga nan ya bi da ni titi yana nuna mini allunan da ke ƙofar gidajen abinci. Ya ce gidan da na kai mutane da yamma, in na je da rana zan ci kifi da shinkafa da miya a kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, abinci ɗaya, mai dafawa ɗaya, lokaci ne kawai ya bambanta. Ya kai ni kantin da komai yen ɗari ne a kuɗinsu, daga cokali har safa. Ya ciro ɗan kati ya zana mini alamar alade da ta giya a rubutunsu, ya ce in riƙa duba bayan kowane ƙunshi. Ni dai ina biye kamar raƙumi da akala.

Wajen ƙarfe bakwai na yamma muka shiga kantin abinci na unguwarsu. Ya ɗauki kwando, ya je wajen kifi da dafaffen abinci, ya tsaya. Bai ɗauki komai ba. Na ga wasu mata da tsofaffi su ma suna ta kewaye wurin, kowa na yi kamar yana karanta bayan gwangwani. Na tambaye shi me muke jira, ya ce in yi haƙuri. Can sai ga wani ma'aikaci ya fito da ɗan inji a hannu, yana bin ƙunshin kifi yana manna musu jar takarda. Muhandis ya raɗa mini cewa ta farko ragi kaɗan ce, wadda ake jira ita ce ta biyu, rabin kuɗi, don abin da aka yanka yau ba ya kwana. Mutumin na mannawa hannaye na bi a baya, ba ture ba hayaniya. Da idona na ga shugaban mutum ɗari uku ya miƙa hannu ya riga wata tsohuwa ɗaukar ƙunshin kifi, sannan ya ji kunya ya miƙa mata, ta ƙi, ya nace, ta karɓa suna ta sunkuya wa juna. Ya ɗauki wani ya jefa a kwandona. A gefe akwai wani ɗan tebur da aka tara kayan lambun da suka fara yaushi. Ya tsaya yana juya tumatir ɗaya bayan ɗaya, yana latsawa da babban yatsa, yana shinshina gindinsa. Wallahi hannun Inna na gani.

Ban iya yin shiru ba. Na tambaye shi da Larabci, shi da Allah ya ba shi, me ya kai shi layin ragowa, ba ya tsoron yaransa na wurin aiki su gan shi? Ya nuna mini wani mai hular kwano a can gefe, ya ce ga ɗaya nan, shi ma jira yake. Ya sa tumatir huɗu a kwando, sannan ya yi maganar da ta fi duk wadda na taɓa ji daga bakinsa tsawo.

"Wani ya shuka wannan, ya Usman, wani ya ɗauko shi. In ban saya ba shara za shi. Mahaifiyata da irinsa ta raine mu bayan yaƙi, mu biyar. Ranar da na ci abinci a gidanka na ga taka. Ban ji Hausa ba, amma na ji Larabcin."

Na ce masa hutu nake nema mata. Ya gyaɗa kai, ya ce mai yiwuwa. Sai ya tambaye ni ko tana lafiya, na ce lafiya lau. Ya ce in na koma in gaishe ta, in ce mata dillalin nan Bayamane bai yi sa'ar abokiyar ciniki ba. Ashe har wannan ya ji. Na tsaya a tsakiyar kantin mutane da kwando a hannu, kunya ta rufe ni, irin wadda ban ji ba ko ranar da ta shigo da akwati a ka. A ranar na gane ba hutunta nake nema ba, yaran makarantar nan nake ta gudu har na girma na yi gemu, kuma don in burge baƙo na wulaƙanta uwata a gaban mutumin da ya fi ni sanin darajarta.

Sauran watannin na zama gwani, ba yabon kai ba. Na san kantin da ke manna jar takarda da bakwai da wanda sai takwas saura. Na san ranar da ƙwai ke araha. In mun fita da abokan aiki kowa ya biya nasa, kuma sai a lokacin suka saki jiki da ni, don yanzu ba wanda ke tsoron in ɗora masa kaya. Na yi ƙiba har wandona ya matse. Tsarabar gida kuwa duk a kantin yen ɗari na haɗa ta, akwati guda cur, kowa a Sharafiyya ya samu, daga mai abin yanke farce sai mai ɗan faranti. Bashir ya ji inda na saye su daga bakina, don ban ɓoye ba, daga nan ya samo waƙarsa.

Daren da na dawo na shiga ɗakin Inna na durƙusa, na ce na yi kuskure ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun ranar, uwa ba ta kwana da ɗanta a rai. Ta karɓi 'yar wuƙar fere da na kawo mata, ta gwada a kan dankali ta ce tana da kaifi. Na fito ina murna. Washegari da rana aka kai tire, aka tarar da shi a bakin ƙofa a rufe. Mahaifiyarku ta zauna ta yi kuka, ta ce ita ta gaji. Ni kuwa na gane abin da ake nufi. Da baki na yi ɓarna, amma ba bakin ne ya fi yi mata ciwo ba, sana'arta na tozarta, abin da ta fi kowa iyawa a duniya. Ba a gyara wannan da kalma.

Ranar Alhamis na ɗauki hutun rabin yini, na hau bas da kayan aikina a jiki, na shiga halaƙa rana ta take. Na yi ciniki iya iyawata, na ɗauko akwatin tumatir a kafaɗa, na sauka a bakin unguwa na tako da shi a ƙafa ta gaban majalisar su Bashir. Da gangan na bi ta nan. Wani ya ce ko an kore ni daga aiki ne, dariya ta ɓarke. Bashir ya biyo ni har ƙofa yana cewa in tuna ƙanwarsa nake aure, kada in ja musu abin faɗa. Daga ranar ba a ƙara kirana cin mandi, shinkafa da naman rago, na daren Juma'a da su ba, mahaifiyarku kuma ta sha habaici a gidajen biki har ta yi kusan shekara ba ta zuwa. Wannan ita ta biya, ba ni ba, kuma har ta koma ga Allah ban gama gode mata ba. Na ajiye akwatin a ƙofar Inna. Ta fito ta ɗaga na sama, ta tura hannu can ƙasa, ta ciro wani da ya zama ruwa, ta tambaye ni nawa na biya. Na faɗa.

"An cuce ka. Na sama ya nuna maka, kai kuma ka tsaya kallon fuska. Jafanawan ba su koya maka duba ƙasan akwati ba?"

Ta tsince abin da za ta tsinta ta koma ɗaki. Alhamis ta biyu ta ce albasar ta sha ruwa. Ta uku ta juya kayan ta yi tsaki kawai. Ta huɗu ina ɗaura takalmi sai na gan ta tsaye da mayafi, ta ce yalla, in wuce mu tafi, ba za ta zuba ido ana yi wa jininta wayo a kasuwar da ta yi shekara talatin tana shiga ba. Na bi ta a baya ina ɗauke da kwando. Dillalai na ganin ta suka fara kiran Hajja Hauwa, wannan na cewa ta zo nan, wancan na rantsuwa ya ajiye mata. Ta tsaya gaban Bayamanen nan ta nuna ni da haɓa, ta ce wannan ɗanta ne, muhandis ne, daga Japan ya dawo, bai san komai ba, in ya ƙara zuwa shi kaɗai aka cuce shi za ta ji. Ban taɓa jin an gabatar da ni da kyau irin na ranar ba.

Da muka dawo ta zube kayan a kicin ɗin gidan, ba a barandarta ba, ta ce wa mahaifiyarku ta yi miya da su. Ta shige ɗaki. Aka yi shinkafa da miya da kifi, aka shimfiɗa ledar cin abinci a falo, mahaifiyarku ta ɗauko tire za ta zuba na Inna kamar kullum. Sai muka ji ƙarar ƙofa. Inna ta fito, ta wuce ta wanke hannu, ta zo ta zauna a gefena, ta ja babban farantin gabanta. Wata bakwai ke nan rabon da in ga hannunta a cikin abincina. Ta yi bisimilla, ta kai loma, ta tauna a hankali, mu duka muna kallon bakinta.

"Gishiri ya yi yawa," ta ce.

Ta ƙara kai wata lomar. Ta ture kan kifin zuwa gabana, ta ce in ci in daina kallon ta kamar baƙuwa, Allah ya yi mini albarka. Ni da ban yi kuka a jana'izar mahaifina ba, na sunkuyar da kai hawaye na zuba a cikin shinkafa, na ci abina a haka. Ita kuwa sai da ta cinye gefenta tas, ta ce a ƙaro miya.